MST3K: wane fim ne ya fi ba da dariya, wanne ne ya fi wahalar kallo?

Abba_Kurna:
Salam 'yan uwa. Akwai masu kallon shirin nan na Amurka, Mystery Science Theater 3000? Ga wanda bai san shi ba, tsohon fim mara kyau ake sakawa, a ƙasan allon sai ka ga inuwar mutum ɗaya da mutum-mutumi biyu, Crow da Tom Servo, zaune a kujerun silima suna ta tsokanar fim ɗin tun daga farko har ƙarshe. Labarin wai wasu mahaukatan masana kimiyya ne suka harba bawan Allah sararin samaniya suna tilasta masa kallon munanan finafinai su ga wanda zai haukata shi. Joel Hodgson ne ya faro shi a wata ƙaramar tashar talabijin a Minneapolis a 1988, shi ne kuma ya fara fitowa a matsayin mutumin da aka harba ɗin. To ni sabon shiga ne, duk wanda na tambaya sai ya ce in fara da Manos: The Hands of Fate, na kalla amma wallahi da ƙyar na kai ƙarshe duk da barkwancin. Don Allah wanne ne ya fi daɗi a wajenku, wanne ne kuma ya fi muni?

Malam_Sabo:
Abba ai wanda ya ce ka fara da Manos bai kyauta maka ba. Suna ne da shi shi ya sa kowa ke ambato. Fim ne na 1966 da wani Harold Warren ya yi a El Paso, mutumin ba ɗan fim ba ne sam, kyamarar da ya yi aiki da ita da hannu ake wana ta kuma sakan 32 kawai take iya ɗauka a jere, sauti ma ba ta ɗauka sai daga baya aka ɗora muryoyi. Wannan doguwar tafiya a mota da aka buɗe da ita, wadda ka yi ta jiran wani abu ya faru, wajen rubuta sunayen 'yan wasa ne aka bari kuma ba a rubuta ba. Su kansu mugayen masanan a cikin shirin sai da suka ba Joel haƙuri kan fim ɗin. Amma ni duk da haka ban ɗauke shi mafi muni ba saboda akwai Torgo, mai kula da gidan da ke cikin fim ɗin, da wannan tafiyar tasa da manyan gwiwoyi, da zarar ya fito ka samu abin kallo. Mafi muni a wajena Monster a Go-Go ne na 1965. Wani ya fara kuɗinsa suka ƙare, bayan shekaru wani ya saya ya ƙarasa da wasu 'yan wasa daban, mutanen da ka fara binsu sai kawai su ɓace ba bayani. Akwai wajen da waya za ta yi ƙara, da baki wani ya yi ƙarar. Ka yi ta haƙuri ana farautar dodo, a ƙarshe mai ba da labari ya ce maka ai babu dodo. Raina ya ɓaci sosai ranar.

Ummu_Hanif:
Ɗan uwa nemi Space Mutiny, za ka gode min. Na 1988 ne, a Afirka ta Kudu aka ɗauka, kuma a zamanin Mike Nelson aka tsokane shi, shi ne ya gaji Joel a 1993. Wai cikin jirgin sama jannati ake amma a fili kana ganin masana'anta ce, ga hasken rana na shigowa ta taga. Hotunan yaƙin jiragen ma daga Battlestar Galactica aka kwaso. An kashe wata jami'a, fitowa ta gaba ga ta zaune a gaban kwamfutarta tana aiki. Sannan duk fitowar jarumin sai su laƙa masa sabon sunan ƙarti. Abin da na fahimta shi ne sai fim yana da motsi, ana gudu ana faɗowa daga bene ana yin shirme da gaske-gaske, tsokanar ke yin armashi, kamar dai gidan kallo ranar da aka samu mai bakin magana a benci na gaba. Fim ɗin da ba komai ke faruwa ba su ma sai ka ji suna wahalar neman abin faɗa.

Malam_Sabo:
Hajiya na yarda da ke rabi. The Beast of Yucca Flats na Coleman Francis kusan ba komai a cikinsa, ba ka ma ganin bakin mai magana don an kauce wa haɗa sauti, amma can ne na fi jin gwanintarsu, shirun nan suka cike da kansu.

Nura_Damagaram:
Ba duka finafinan ba ne munana fa. Marooned na 1969, wanda suka nuna da sunan Space Travelers, Gregory Peck da Gene Hackman ne a ciki kuma ya ci Oscar ta fannin dabarun hoto. Sai dai Abba ka kunna rubutun ƙasan allo, Turancin da sauri yake kuma rabin barkwancin kan tallace-tallace da mawaƙan Amurka na da ne, zai wuce ka. In kana son mai sauƙin bi, fara da Reptilicus, dodon ƙasar Denmark, da shi suka buɗe dawowarsu a Netflix a 2017 da Jonah Ray a matsayin sabon mutumin da ke kallon finafinan, bayan masoya sun tara sama da dala miliyan 5.

Abba_Kurna:
Na gode ƙwarai. Space Mutiny zan nema daren nan in an kawo wuta, Monster a Go-Go kuma Malam Sabo sai na ƙara ƙwari tukuna.