Yawon ƙafa a duwatsun Rumsiki, dan Allah wa ya san hanya?

Saurayin_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar mutanen Marwa da Mokolo ko duk wanda ya san ƙasar Kapsiki. Ni da abokaina muna so mu je Rumsiki da ke arewacin Kamaru a hutun Disamba, amma ba irin zuwan nan da ake sauka a mota a ɗau hoto gaban dutse a juyo ba, mu so muke mu taka da ƙafa ƙauye zuwa ƙauye, mu kwana can mu ga yadda mutanen dutse suke zaune. Abin yana damuna wlh, a ce mutum ya taso tun daga Faransa ya zo ya ga wurin nan mu da ke Garwa sai dai a kalanda. To ta ina ya fi a bi, ya maganar tsaro, kuma dole sai da ɗan rakiya ko za mu iya da kanmu? Tsofaffinmu sun ɗan tsorata da suka ji an ambaci Mokolo, ina so in je musu da magana mai ƙwari.

Dan_Mokolo:
Wa alaikumus salam ƙanena, sannunku da wannan niyya. Hanya dai biyu ce. Ko ku hau motar Marwa ku canza zuwa Mokolo, wajen kilomita 80 ne, daga nan Rumsiki kilomita 55 ta Mogode, wannan ta ƙarshen ita ce mai wahala don hanyar ƙasa ce ga duwatsu, yawanci moto (babur) ake hawa. Ko kuma ku bi ta Gidar ku ɓullo ta Burha, ita ma ba kwalta. Ni dai na fi son ta Mokolo don in kun dace da Laraba ranar kasuwarmu ce, a nan za ku haɗu da mutanen ƙauyukan da kansu ku ji labarin hanya daga bakinsu. Kasuwar Rumsiki kuma Lahadi take ci.

Lokacin da kuka zaɓa yayi, amma ku yi da wuri, don in hazo ya sauka sosai a Janairu duwatsun ɓacewa suke yi sai mutum ya zo dab da su. Ku taho da rigar sanyi da bargo, can sama ba irin Garwa ba ce, sanyin asuba yana shiga ƙashi.

Tsaro kuma gaskiya zan faɗa maka, tsoron tsofaffi ba a banza ba ne. Tun da aka sace iyalin Faransawan nan kusa da Dabanga a 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa, masu masauki da masu rakiya da yawa suka rasa abin yi. Amma yankin ba ɗaya ba ne. Arewacin Mokolo, wajen Turu da Mayo Moskota har Kolofata, can ne aka fi shan wahalar 'yan Boko Haram, kar ku nufi can ko wa ya ce muku lafiya. Rumsiki kudu take kuma da sauƙi, duk da haka da kun sauka ku je wajen jandarma ku nuna katin ɗan ƙasa ku faɗi ƙauyukan da za ku bi, ku je ku gaida lawan, kuma kar magariba ta same ku a daji. In sun ce kar a bi wani wuri to a bar shi kawai. Boda tana nan kusa, 'yan kilomita ne, kwarin da za ku hango ƙasa ta yamma ya miƙe har Najeriya, mutum zai iya tsallakawa bai sani ba, shi ya sa ɗan rakiya dole ne, kuma ɗan garin ba wanda kuka ɗauko daga birni ba.

Malamin_Tarihi:
Ɗana, Allah ya yi muku albarka. Dan_Mokolo ya gama maganar hanya, ni abin da zan roƙe ku shi ne kar ku tafi idonku yana sama kawai. Kowa tsinin dutsen yake kallo, kuma ya isa a kalla, wanda ya fi shahara ya kai mita 1,224 daga matakin teku, yana tsaye kamar taɓarya, asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare cikin maƙogwaron tsauni mai aman wuta, ruwa da iska suka cinye na gefe suka bar shi. Amma wannan aikin Ubangiji ne da aka tarar. Abin da hannun mutane ya yi yana ƙarƙashin ƙafarku.

Ku tsaya ku dubi gonakin da ke jikin dutse. An jera duwatsu hawa-hawa ba siminti ba laka, kowane layi yana tare ƙasa da ruwan sama kar su gangare, kuma duk shekara kafin damina sai mai gona ya bi ya mayar da waɗanda suka zube ɗaya bayan ɗaya. Faɗin wani hawan bai fi a shuka layi biyu na dawa ba. A ƙasar Mafa, mutanen wajen Mokolo, shekara guda dawa shekara guda gero, da wake a tsakani, suna barin gawo a gona, suna ɗaure dabba a gida don taki, har akwai bijimin da ake tsarewa a ɗaki ana kiwonsa saboda bikin Maray. Da wannan dabara mutane masu yawan gaske suka ci abinci a wurin da mu mutanen fili za mu ce ba ya nomuwa.

Kuma ku san abin da ya riƙe su a saman dutse, har da farautar bayi. Hamman Yaji, sarkin Madagali na wancan zamani, ya bar rubutu na abin da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki yana lissafa hare-haren da ya tura ƙauyukan dutse da bayin da aka kamo. Jikokin waɗanda aka yi wa haka su ne za su ba ku ruwa ku sha. Saboda haka ku kiyaye harshe, kar in ji wani ya kira mutane arna, akwai Musulmi akwai Kirista akwai masu bin addinin kakanni kuma duk masu masaukinku ne. Kapsiki ɗin nan su ne Kamwe ko Higi na wajen Michika, boda ce kawai ta ratsa su.

Akwai kuma kufayin Diy-Gid-Biy a wajen Koza, gine-ginen dutse a wurare 16 masu matakala da lunguna da aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 17, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2025, kamar yadda ta sa Sukur ta can ƙetaren boda tun 1999. Da dutsen Mora inda sojojin Jamus ƙarƙashin kwamandansu von Raben suka kafe daga 1914 har Fabrairun 1916. Diy-Gid-Biy da Mora duk arewa suke, ku ajiye su sai hankali ya ƙara kwanciya.

Yar_Gidar:
Yaya in tsofaffi suka ƙi, ko kuna so ku gwada ƙafafunku tukuna, ku zo Kola nan kusa da mu, da rani ruwan Mayo Luti yana janyewa sai ka sauka cikin ramin dutsen ka yi ta tafiya, dutsen baƙi da fari sumul ruwa ya goge shi. Yini ɗaya kun je kun dawo Garwa. Kar dai kowa ya zo da silifas ko sabon takalmi, kuma ruwa ku ɗauka fiye da yadda kuke zato. Sannan yara za su bi ku suna kado kado (wato a ba su kyauta), dan Allah kar ku raba musu kuɗi, in kuna da abin alheri ku ba malamin makaranta ko ku sayi saƙa da tukwane wajen iyayensu.

Abu_Sumayya:
Ba wanda ya ambaci bokan kaguwa kuma shi ne farkon inda 'yan rakiya suke kai baƙo. Tukunya ce da jiƙaƙƙen yashi da 'yan itatuwa da ɓallin ƙwarya, ya tofa wa kaguwa magana ya sa ta ciki ya rufe, in ya buɗe sai ya karanta yadda ta watsa su. Ɗan'uwa ina yi maka nasiha saboda Allah, kar ka tambaye shi komai ko da wasa, ka ce wa ɗan rakiya tun farko ba kwa so. Ba sai an ci mutuncin dattijon ba, a gaishe shi a wuce. A kasuwa kuma ku lura da rumfunan bilbil (giyar dawa), nama ku saya wajen mahautan da kuka san yankansu.

Saurayin_Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Malam wlh ban taɓa jin labarin Hamman Yaji ba sai yau. Yaya Dan_Mokolo saura kwana da abinci, a ƙauyukan ya ake yi, kuma hoto fa?

Dan_Mokolo:
A Rumsiki akwai masauki. A ƙauyuka ɗan rakiya ne zai kai ku gidan mai gari ko wani ɗan'uwansa a shimfiɗa muku tabarma, ku riƙo sukari da ganyen shayi da sabulu da goro na gaisuwa, tuwon dawa za ku ci, dankalin turawa ma ana nomansa sosai wajen Mogode. Ku ce ya bi da ku ta Amsa ku ga maƙeran da ke zubin tagulla. Kuɗin ɗan rakiya ku yanke tun kafin ku tashi, a gaban mai masauki, ku riƙe canji ƙanana na sefa don ba mai canza muku jaka goma a can, waya kuma sabis yana ɗaukewa a cikin kwari, ku gaya wa gida tun da wuri kar hankalinsu ya tashi. Hoto sai ka tambaya, musamman mata da cikin gida da wurin da suke tsafi, sojoji da shingensu kuwa ko wayar ma kar ka ɗaga. Ku fita da an idar da asuba ku huta in rana ta take, la'asar ta same ku a inda za ku kwana.