Sai bango ya tsage... to wane ne ƙadangaren?

Autan Gida: Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure tsakanin yayyena biyu kan abin da ke sa a kifar da shugaban ƙasa tun wa'adinsa bai cika ba. Babban ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙaramin ya ce sam ba nan ne muhallinta ba. Ku raba mana.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Babban ne da gaskiya. Soja ba ya leƙowa sai ya ga jama'a sun gaji. Tandja na Nijar da hannunsa ya tsaga nasa bangon, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki a 2009 don tazarce, Fabrairun 2010 aka yi awon gaba da shi. Alpha Conde na Gini ma wa'adi na uku ne ya ci shi a 2021.

Gaskiya Ɗaci: Allah ya gafarta Malam, to Bazoum fa? Masu tsaronsa ne suka tsare shi a Yulin 2023. Gowon yana taro a Kampala a 1975, Joe Garba, kwamandan dogaran fadarsa, ya yi sanarwa a rediyo. Ai waɗannan tubalin bangon ne da kansa. Da ɗan gari akan ci gari.

Uwar Biyu: Kun tuna min da kakata, Allah ya ji ƙanta. Bangon ɗakinta ya tsage, ƙadangaru suka addabe ta. Ta kwance bakin zane ta ba jikanta kuɗin gyara, ya liƙe tsagar sama-sama, ya shafa fenti, ya yi gaba da sauran. Kullum tsohuwa na bin ƙadangaru da sanda tana tsine musu. Damina na sauka bango ya zube. Wallahi har ta koma ga Allah cewa take yi su suka rarake mata ɗaki. Wa ya isa ya faɗa mata? Yaron shalelenta ne.

Ɗan Tsokana: Hajiya, jikan nan bai tsaya takara ba? Na ga alamar yana da ƙwarewa.

Uwar Biyu: Kai, yayana ne fa, bi a hankali!

Gaskiya Ɗaci: Irinsu ne ke yawo da jiniya yanzu, gwanayen fenti.

Tsohon Malami: Mu koma kan batu. Ba kullum ne soja ba. A Peru majalisa ce ta tsige shugaba Vizcarra a Nuwamban 2020, wanda ya gaje shi ko mako bai yi ba zanga-zanga ta kore shi. Albashir na Sudan kuwa, bayan kusan shekara 30, tsadar burodi ce ta fito da mutane titi kafin soja su ƙarasa shi a 2019.

Ɗan Tsokana: Kenan can 'yan majalisa ne ƙadangarun? Shi ya sa suke yawan gyaɗa kai.

Autan Gida: Ni dai har yanzu ban ji wanda zan ba gaskiya ba.

Uwar Biyu: Ka ba babban, ka zauna lafiya.

Ɗan Tsokana: Hajiya, tsakani da Allah, nawa tsohuwa ta ba shi?