Neman shawara: ta yaya zan ga fayil ɗin ƙarar da aka ce an shigar da ni a kotun gundumar Cook?

Bakatsinen Shikago:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a garin nan. Na nemi gidan haya mai ɗaki biyu saboda iyalina suna hanya in sha Allahu, na cike fom na biya kuɗin bincike komai lafiya lau, kawai sai wakilin mai gidan ya kira ni wai ba za su ba ni ba saboda sunana ya fito a ƙarar korar ɗan haya ta 2019 a kotun gundumar Cook, wato gundumar da birnin Shikago na Amurka yake ciki. Wallahi ni ban taɓa tsayawa gaban alƙali a ƙasar nan ba, ko sammaci ban taɓa gani ba. Abin da na sani a lokacin mun kama gida mu biyu da wani ɗan uwa, sunanmu duka yana kan takardar haya, ni na tashi kafin wa'adi ya cika saboda na samu aiki a wata unguwa mai nisa, na bar shi a ciki a kan zai ci gaba da biya. Na kira shi yace shi ma bai tuna yadda aka ƙare ba. Toh ni yanzu so nake in ga takardun da idona. Ina zan je, za su nuna min alhali ni ba lauya ba ne, kuma nawa ake biya? Abin ya hana ni barci gaskiya.

Baban Walida:
Wa alaikumus salam ƙanina, kwantar da hankalinka. Fayil ɗin ƙarar da ba ta laifi ba a buɗe yake ga kowa sai dai in alƙali ya sa an rufe shi, ba sai lauya ba, kuma ba mai tambayarka dalili. Amma ka kula, ofis biyu ne masu suna kusan iri ɗaya kuma mutanenmu da yawa suna ɓata rana a kan wannan. Akwai Cook County Clerk, su ne masu takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa da rajistar filaye, ba ruwansu da shari'a. Wanda kake nema shine Clerk of the Circuit Court, wato magatakardan kotu. In gidan a cikin birnin Shikago yake to ƙarar tana Daley Center, lamba 50 a titin West Washington, dogon ginin nan da ke da gunkin ƙarfe na Picasso a gabansa, sashen ƙararrakin haya da bashi yana hawa na shida. In kuma a wajen birni ne to sai dai ɗaya daga cikin kotunan Skokie, Rolling Meadows, Maywood, Bridgeview ko Markham, ya danganta da inda gidan yake. Suna buɗewa 8:30 na safe zuwa 4:30 na yamma Litinin zuwa Juma'a. Ka sammaka, don da safe layin ƙofa yana tsawo wajen na'urar bincike, kar ka je da wuƙar yanke farce ko wani ƙarfe a aljihu.

Maman Biyu:
Kafin ma ka kashe kuɗin mota ka shiga shafin magatakardan a intanet, akwai wurin neman ƙara da suna, kyauta ne. Ka gwada sunanka ta kowace fuska, Muhammad da Mohammed da Mohamed, ka juya sunan uba ya zo farko, saboda yadda mai gida ya rubuta a takardar ƙara haka zai zauna a kwamfutarsu ko da kuskure ne. Abin da kake so ka samu shine lambar ƙarar, ta cikin birni za ka ga shekara sai M1 sai lambobi, na korar ɗan haya suna farawa da 7. Rubuta ta a takarda. Amma fa abin da za ka gani a wayarka jeri ne kawai na ranaku, ran kaza an shigar, ran kaza an zauna, ran kaza an ba da oda, ainihin takardun sai ka je can ka zauna a kwamfutocin da suka ajiye wa jama'a. Kuma ni ban yarda ma kai ne ba tukuna, kamfanonin binciken nan suna haɗa mutum da mai irin sunansa, mu kuwa sunayenmu kusan duk ɗaya ne.

Direban Devon:
Malam ni a ganina ka bar kaza cikin gashinta. Bayan shekara 7 abin yana fita daga rahoton kamfanin binciken da kansa, ka kusa ai. Akwai masu gidaje 'yan uwa musulmi a wajen titin Devon da unguwar Rogers Park da ba sa wannan binciken, ka ba su kuɗin wata biyu su ba ka makulli. Shiga kotu ɓata lokaci ne, ranar aiki guda za ka rasa.

Baban Walida:
A'a Alhaji, da girmanka amma ban goyi bayan wannan ba. Shekara 7 ɗin da kake faɗa ta kamfanonin rahoto ce, dokar tarayya ce ta taƙaita musu, amma fayil ɗin kotu yana nan ba inda zai je, duk wanda ya buga sunansa zai gani. Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba maganar gidan ba ce. Idan a cikin hukuncin akwai kuɗin hayar da ba a biya ba, a nan jihar Illinois ana iya bin sa shekara 7 kuma a sabunta har zuwa shekara 20, ruwa yana hawa kansa, wata rana sai dai ya ga an fara cire masa daga albashi ko an riƙe masa asusun banki ga iyali sun iso. Wanda bai san abin da aka rubuta a kansa ba ta yaya zai kare kansa? Ya rasa aikin yini ɗaya ya fi.

Yar Damagaram:
Ina aikin fassara a asibiti amma na sha raka mutane wannan ginin, bari in gaya maka abin da za ka nema in ka zauna gaban kwamfutar, don fayil yana iya yin shafi talatin kuma yawancinsa ba ya da amfani gare ka. Na farko takardar ƙarar kanta, ka ga ko sunanka ne da adireshin gidan da ka sani, kuma gida kawai mai ƙara ya nema ko har da kuɗi. Sai takardar da ke nuna an kai sammaci, wadda ma'aikacin sherif ko wani da kotu ta naɗa yake cikewa, a nan ne maganarka take wallahi. Za ka ga rana da lokaci da wanda aka miƙa wa. Doka ta yarda a bar wa wani mazaunin gidan da ya kai shekara 13 sannan a aika kwafi ta gidan waya, amma sharaɗin shine ya zama nan ne inda kake zaune a lokacin, kai kuma kace ka riga ka tashi. In kuwa liƙa sanarwa kawai aka yi ba a miƙa wa kowa ba, to alƙali gida kaɗai zai iya mayar wa mai shi, ba zai ɗora maka kuɗi ba. Sai oda ta ƙarshe, ita ce za ta nuna ko an kori ƙarar, ko an yi sulhu, ko an yanke hukunci a bayan idonku. Sau da yawa an kori ƙara amma rahoton kamfani sai ya nuna an shigar kawai, mai gida kuma ba ya tsayawa karantawa.

Waɗannan ukun ka ce a buga maka, oda ta ƙarshen kuma ka ce kana son mai hatimin kotu, ita ce ake yarda da ita a ko'ina. Shafin farko ya fi tsada, sauran 'yan sulalla ne, hatimi ana biyansa daban, duka dai ba wani abu ba ne mai yawa. Ka tafi da katin shaidarka. In ba ka ga takardun a kwamfutar ba kar ka juya, ka je tebur ka ba su lambar, tsofaffin fayil na takarda ana ajiye su a sito a wani wuri, sai ka cike buƙata su kawo bayan 'yan kwanaki. Ma'aikatan za su nuna maka inda abu yake amma an hana su ba da shawarar lauya, kar ka ji haushi in ka tambaya me zan yi suka ce ba za su iya faɗa ba.

Ɗan Kumasi:
Ƙari kaɗan yaya, kar wani ya tura ka shafin intanet na PACER, wancan na kotunan tarayya ne, ƙararka ba ta ciki. Sannan wakilin da ya hana ka gidan wajibi ne ya ba ka sunan kamfanin da ya yi rahoton, kana da kwana 60 ka nemi kwafinsa kyauta, in ka ga kuskure ka rubuta musu ka haɗa da takardar kotu, su kuma yawanci kwana 30 gare su su bincika.

Bakatsinen Shikago:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na je yau da safe, na samu fayil ɗin a hawa na shida kamar yadda Baban Walida ya faɗa. Ni ne, sunanmu mu biyu ne. An miƙa sammacin ga ɗan uwan nawa wata biyu bayan na bar gidan, ba wanda ya je zaman a cikinmu, aka yanke hukuncin gida da na kuɗin haya a kanmu duka. Na karɓo kwafi mai hatimi. Wani ya ce min akwai dokar da ta rufe irin waɗannan ƙararrakin gaba ɗaya, ko ta shafe ni?

Yar Damagaram:
Waccan ta lokacin korona ce ɗan uwa, ta rufe waɗanda aka shigar daga 9 ga Maris 2020 zuwa 31 ga Maris 2022, taka ta 2019 ba ta shiga ba. Amma kana da hanya mai kyau. Kwana 30 na neman a janye hukuncin bayan ido sun wuce tuni, sai dai hukuncin da aka yi ba tare da an kai wa mutum sammaci yadda doka ta ce ba ana iya ƙalubalantarsa ko bayan shekaru, kuma a tare ana roƙon alƙali ya rufe fayil ɗin. Alƙali ne zai duba, ba dole ba ne ya amince, shi ya sa nake roƙonka kar ka shigar da komai kai kaɗai, don in ka rubuta abin da ba shi ba kana iya ɓata hujjarka da hannunka. Kira Cook County Legal Aid for Housing and Debt ko CARPLS, kyauta suke ba da shawara, akwai kuma fom ɗin neman yafe kuɗin kotu in samunka bai kai ba. Yau ɗin nan ka fara tono duk abin da ke nuna ka tashi kafin ranar sammacin, takardar hayar sabon gidan, bil ɗin wuta, takardar albashi mai sabon adireshi, har saƙon da ka tura wa tsohon mai gidan in yana nan a waya.

Maman Biyu:
Kuma dan Allah kar ka yi faɗa da ɗan uwan nan yanzu ko da ranka ya ɓaci, lallaɓa shi za ka yi, don lauyan zai iya buƙatar ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa ba ka gidan ranar da aka miƙa masa sammacin. In kana da wani babba da yake jin maganarsa a masallaci ku je tare.