Fanka da jera itace a murhun ɗumama ɗaki

Masu murhun ƙarfen da ake zurawa cikin bango sun fi yin gardama a kan fanka, wadda ke hura ɗumin murhun zuwa cikin ɗaki. Abin da akasari suka yarda da shi: kada a kunna ta da zarar an hura wuta. A jira kamar minti 20 zuwa 30, ƙarfen ya ɗau zafi. Fankar da ta yi gaggawa sanyaya murhu take yi, wuta ta yi ta hayaƙi, kunkunniya ta taru a bututu, ita ce kuma ke kama gobara. Da dare a sassauta ta. Kafin a buɗe ƙofar murhu a kashe ta, in ba haka ba toka ta bazu a ɗaki.

Wajen zuba itace, a jawo garwashi gaba, manyan faskare su koma ciki. In kawunansu na kallon ƙofa iska ta fi ratsa su, wuta ta kama da wuri. In an gicciye su sun fi daɗewa. A buɗe mashigar iskar murhu sosai har faskaren su yi baƙi, sannan a rage kaɗan-kaɗan.

Ni abin da na fi riƙewa shi ne bushewar itace: danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100.