Pedal mai kwaikwayon ampili: zai iya tsaya wa mai jitar bas a wurin biki?

Mai Bas na Talaje ya rubuta:

Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Ni mai kaɗa jitar bas ne a wata ƙaramar ƙungiya a nan Yamai. Mu shida ne: jita biyu, bas, ƙwarya, kalangu da mai waƙa, kuma mafi yawan aikinmu bukukuwan aure ne da na suna, irin waɗanda ake kafa rumfa a ƙofar gida a tare rabin titi. Shekara huɗu ke nan ina fama da wani tsohon ampili mai haɗe da bafal ɗinsa, wato akwatin lasifika, wanda nauyinsa ya sa duk ranar da muke da wasa a Harobanda sai na ɗauki taksi ni kaɗai kafin in haye gada, kuɗin motar kuma daga rabona yake fita. A watan jiya ya mutu, kuma har yanzu yana wurin mai gyara.

Da abin ya matsa, sai wani abokina ya ara mini pedal ɗinsa, irin wanda ya ƙunshi amo kala-kala kuma yake kwaikwayon manyan ampili. A ɗaki, da na sa kask a kunne, na ji amon da ban taɓa samu daga jitata ba, har na kwana ina zaɓen saiti. Ranar Asabar muka yi wasa a Bukoki, na haɗa shi kai tsaye da tabul ɗin mai sono, wato na'urar da yake haɗa amon kowa a kanta, sai komai ya lalace: kaurin ya cika rumfa amma babu mai iya bambance sautin da nake tsinkewa, wani ƙugi ya shigo cikin bafal, kuma duk lokacin da na sauya saiti sai ƙarar ta yi tsalle ko ta nutse. Mai ƙwarya ya ce bai ji ni ba tun farkon wasa har ƙarshe.

Tambayata ita ce, laifin na'urar ne ko nawa? In tara kuɗi in sayi Zoom B1 Four ko Boss GT-1B, ko kuwa in haƙura in jira gyaran ampili? Allah ya saka da alheri.

Mai Sono na Yantala ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a bayan tabul nake zama, don haka abin da ya same ka na sha jin sa da kunnena, kuma zan gaya maka cewa kusan duk matsalolin nan uku da ka lissafa daga saiti da haɗi suka fito.

Bari in fara da kask, domin shi ne ya yaudare ka. Kunnen ɗan Adam ba ya jin kaurin amo sosai idan ƙarar tana ƙasa, abin da wasu masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka auna tun 1933 a Amurka. Saboda haka idan kana ɗaki cikin dare ka rage ƙara, hannunka da kansa zai ƙara kauri ya rage tsakiya, wato amon da ke tsakanin kauri da kaifi, kuma a lokacin zai yi maka daɗi. Da zarar an ɗaga wannan saitin a manyan bafal, kaurin da ka ƙara sai ya yi yawa, tsakiyar da ka cire kuma ita ce wadda da ma take sa a ji yatsunka. A jitar bas mai tsirkiya huɗu, tsirkiyarka mafi kauri tana girgiza sau 41 a daƙiƙa guda, wato Hz 41, kuma yawancin bafal ɗin da muke ɗauka zuwa biki, musamman idan ba a zo da manyan akwatunan kauri da ake ajiyewa a ƙasa ba, ba sa iya fitar da wannan zurfin da kyau. Abin da jama'a ke ji su ce ga bas, ninkin wannan amon ne, wato 82 da 123 da 164 zuwa sama. Ga shi kuma mai ƙwarya idan ya sauke dunƙule, dumɗin nasa a can ƙasa yake zaune, inda kai ma ka je ka tare. Shawarata ita ce ka yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 40, ka mayar da kauri daidai ba ƙari, ka ɗan ɗaga tsakiya wajen Hz 700 zuwa 800. Idan ka kaɗa kai kaɗai za ka ji kamar amon ya yi hanci, kada wannan ya dame ka, domin a cikin sauran kayan kiɗa nan ne wurin da babu kowa.

Sai batun kwaikwayo. A cikin na'urar abu biyu ake kwaikwaya, kan ampili da akwatin bafal ɗinsa, kuma ana iya kunna kowanne daban. Misali, Ampeg SVT da kusan kowane pedal yake kwaikwaya, ampili ne mai wat 300 da ya fito a 1969, wanda aka saba haɗa shi da akwati mai lasifika takwas masu inci goma-goma. Idan tabul za ka shiga kai tsaye, kana iya barin kwaikwayon akwatin a kunne, musamman idan ka sa amo mai kaushi, domin shi ne yake rage kaifin da ke soke kunne. Idan kuwa ampili na gaske za ka shiga, ka kashe shi, in ba haka ba amon ya bi ta akwati biyu ke nan, na ƙarya da na gaskiya, ya fito kamar an rufa masa bargo. Ni dai a ra'ayina, bas mai tsabta ba ya ma bukatar kwaikwayon akwatin sosai, tunda a situdiyo an daɗe ana ɗaukar bas kai tsaye ba tare da bafal ba.

Ƙugin da ka ji, ina kyautata zaton doguwar wayar jak ce. Wayar jita ta kan fara kwasar hayaniya da zarar ta wuce mita biyar ko shida, balle a wurin biki inda take ratsa wayoyin fitilu da na gurup. Maganinsa ƙaramin akwatin da ake kira DI: ka shiga cikinsa da gajeren jak, ka fita da wayar mikiro mai haƙora uku, wadda za ta yi mita gommai ba tare da ƙugi ba. Yawancinsu suna da maɓallin raba waya da ƙasa, wanda ke kashe ƙugin da ke tasowa idan pedal da tabul suna shan kuran daga wurare daban-daban. Ka sayi naka ka riƙa yawo da shi, domin ba kowane mai sono ne yake zuwa da shi ba, kuma pedal biyun da ka ambata duka ba su da mafitar haƙora uku.

Tsallen ƙara kuwa naka ne kai kaɗai. Ka zauna ka daidaita ƙarfin kowane saiti da na ɗan'uwansa, domin mu idan amo ya zabura sau ɗaya, mukan rage shi mu bar shi a can har a tashi.

Tsohon Makaɗi ya amsa:

Ɗana, abin da mai sono ya faɗa gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Sai dai ni ina da shakku kan na'urar da sai mutum ya sunkuya ya karanta ƙaramin allo kafin ya gyara amonsa. A wurin biki, amarya na shigowa, mata na guɗa, ana liƙi, wa zai ba ka lokacin shiga shafi bayan shafi kana neman inda aka ɓoye tsakiya? Ni abin da nake riƙe da shi shekaru da yawa ƙaramin akwati ne na SansAmp Bass Driver, na kamfanin Tech 21 da aka kafa a New York. Shi ma kwaikwayon ampili yake yi, amma babu kwamfuta a cikinsa, maɓallan murɗawa ne a fili waɗanda hannu ke kai wa gare su ko cikin duhu, kuma yana da mafitar haƙora uku a jikinsa, har yana iya shan wuta daga tabul ta wannan wayar. Akwai na Behringer mai suna BDI21 da aka yi a kan wannan tsarin, mai sauƙin kuɗi ƙwarai, jikinsa na roba ne amma yana aiki.

Ka kuma tambayi kanka amo nawa kiɗanku yake bukata. A takamba da irin kiɗan jitar arewa da matasa ke so yanzu, aikin mai bas shi ne ya kama zagaye guda ya riƙe shi minti goma ba tare da ya karkace ba, yana tafiya tare da ƙwarya kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Wannan aikin amo guda mai kyau yake so. Kafin ka kashe ko dala a kan pedal, ka duba tsirkiyoyinka, domin gumi da ƙura suna kashe su da wuri a garin nan, kuma babu na'urar da za ta mayar da kaifin da tsirkiya ta rasa. A zamaninmu da sababbi suke wuyar samu, tafasa su muke yi a tukunya mu shanya, su ɗan farfaɗo na ƴan makonni.

Abu ɗaya kuma da ba a taɓo ba: ampilin nan da kake kuka da nauyinsa, shi ne yake sa kai da mai ƙwarya ku ji bas a kusa da ku. Idan ka rabu da shi, ka dogara ke nan da bafal ɗin retur na mai sono, wanda ake juyawa ya kalli makaɗa don su ji kansu, kuma bikin da za a kawo retur mai kyau ba shi da yawa. Kada ka sayar da shi ko an gyara.

Ɗan Tawa ya amsa:

Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku kaɗan. Gaskiya ne amo guda ya ishi takamba, amma mu da ake gayyata yau aure, gobe taron makaranta, jibi a ce mu raka mawaƙin zamani, akwai ranar da ake bukatar amon da ke ninka sauti zuwa ƙasa ko mai ɗan kaushi, kuma sayen pedal ɗai-ɗai ya fi ƙarfin aljihunmu. Ga na'urar gyaran tsirkiya a ciki, wadda ke yin shiru yayin da mutum ke ɗaure jitarsa, abin da shi kaɗai ya isa dalili.

Ɗan'uwa, ni B1 Four nake amfani da shi a nan Tawa, kuma abin da ya sa na zaɓe shi batun wuta ne. Ya fito a 2019, yana ɗaukar amo biyar a jere lokaci guda, yana da ganga ta koyo a ciki da wurin naɗar zagaye na daƙiƙa 30, kuma yana aiki da pil huɗu ƙanana irin na AA, ko da batirin cajin waya ta USB. GT-1B na 2017 shi ma pil huɗu yake ci, yana kuma da matakin ƙafa na ƙara da rage ƙara, wanda a wajen Zoom sai ka nemi B1X Four kafin ka samu. Muhimmancin pil shi ne, irin waɗannan na'urori ƙananan kwamfutoci ne, idan gurup ya yi tari wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido, sai sun sake tashi daga farko, kai kuma kana tsaye babu amo. Da pil wannan ba ya faruwa, kuma hanyar da ƙugin kuran ke bi ta toshe. Manya irin su HX Stomp na Line 6, kamfanin da ya fito da POD a 1998, sun fi kyawun kwaikwayo nesa ba kusa ba, amma suna shan wuta da yawa, ba sa aiki da pil, kuɗinsu kuma wani labari ne.

Idan za ka sa caja, ka kula ƙwarai. Waɗannan pedal bolt 9 suke so, kuma tsakiyar kan cajar dole ta zama ta ragi, wato mai alamar (-), akasin yawancin cajojin da ake sayarwa a kasuwa don wasu kayan gida, waɗanda kansu zai shiga ramin daidai amma ya iya ƙona na'urar. Ka riƙa cire pil idan za ka ajiye shi, musamman a zafin Afrilu da Mayu, domin suna zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki, kuma lokacin hunturu ka sa shi cikin jaka mai zik saboda ƙura.

Game da damuwar Baba ta allo, ni saiti uku kawai na bari kusa da juna, duka a kan kwaikwayon ampili ɗaya. Na farko mai tsabta ne da ɗan kwamfuresa a gaba, domin ya daidaita bugun da ya yi ƙarfi da wanda ya yi sanyi. Na biyu shi ne dai na farkon da ƙarin tsakiya, na wurin da bafal ba su da kyau. Na uku yana da kaushi, amma na gauraya shi da amon asali rabi da rabi, domin kaushi zalla yana cinye kauri. Saitin da kamfani ya zuba a ciki ban taɓa hawa dandali da ko ɗaya ba, an yi su ne don su burge mai saye a kanti.

Mai Bas na Talaje ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai yayyena, Baba kuma Allah ya ƙara girma. Jiya na roƙi wani mai sono a unguwarmu ya kunna mini kayansa a tsakar gida da la'asar, na kira mai ƙwarya, muka sake saitin pedal ɗin aron a irin ƙarar da muke wasa da ita. Da na rage kauri na ɗaga tsakiya, ni a kunnena amon ya rame, amma mai ƙwarya ya ce yanzu ne yake jin inda nake sa ƙafa. Da muka bi ta akwatin DI kuma muka koma pil, ƙugin ya tafi. Na yanke shawarar fara sayen akwatin DI da sababbin tsirkiyoyi, pedal ya biyo baya, ampilin kuma zan karɓo shi in ajiye don bikin da babu retur. Abin da ya rage mini shi ne, idan ina so amo ya tafi tabul kuma ya shiga ampilina a lokaci guda, yaya zan yi da kwaikwayon akwatin?

Mai Sono na Yantala ya amsa:

Akwatin DI yana da rami na biyu na jak wanda ke fitar da abin da ya shiga yadda yake, daga nan za ka ja waya zuwa ampili, haƙora uku kuma su zo wurina. Tunda amo ɗaya ne zai je wurare biyun, ka kashe kwaikwayon akwatin, idan kaifi ya yi yawa ni zan rage shi a tabul. Idan ampilin naka yana da ramin da aka rubuta Return a bayansa, ka shiga ta nan, in babu kuma ka shiga ta gaba ka tsayar da maɓallan kauri, tsakiya da kaifi duka a tsaka. Ka juya bafal ɗin ya kalli kai da mai ƙwarya, kada ya kalli jama'a.