Emeter na cewa 300, watmetir na cewa 270, wa zan yarda da shi?

Ɗan_Birni:
Salamu alaikum manya. Dan Allah ku taimaka min, ina kula da emeter (injin watsa shirye-shirye) na wata ƙaramar rediyon FM nan Damagaram, allonsa na nuna wat 300 amma da na ɗaura watmetir (na'urar auna ƙarfi) Bird 43 da bushon (ɗan ƙarfen awo da ake cusa mishi) na wat 1000 sai allura ta tsaya wajen 270, kuma shugaban gidan ya ce in rubuto mishi ƙarfin da muke fitarwa a takarda. Emeter ɗin ne ya fara gajiya ko yaya?

Tsohon_Teknisiya:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. Kuskuren Bird 43 kashi 5 cikin 100 ne, amma na cikakken ma'aunin bushon ɗin ake nufi, ba na abin da ka karanta ba. Bushon 1000 ke nan wat 50 sama ko ƙasa, wato 270 ɗinka zai iya zama 220, zai iya zama 320. Nemi aron bushon 500B na wat 500, shi ne na 50 zuwa 125 MHz, FM duk tana ciki, sai kuskuren ya sauko 25.

Na_Mirriya:
Gaskiya ne Baba. Kuma kar ka auna da anten a jone, sa sharji fiktif (abin da ke shanye ƙarfin a madadin anten) na om 50, don in ROS (ma'aunin rashin daidaito tsakanin anten da emeter) ya kai 1.5 kashi 4 na ƙarfin na dawowa baya yana rikita maka awo. Ka bari emeter ya ɗau zafi tukuna, balle a zafin Afrilu in ɗakin ba kilim.

Ɗan_Birni:
Na samo 500B, da sharji fiktif, har yanzu 270. To me zan rubuta?

Tsohon_Teknisiya:
Madalla. Ba a tara kurakuran kai tsaye. Wat 25 ɗin raba shi da 1.73 tunda iyaka kawai kamfani ya ba ka, zai ba ka 14.4, kashi 5.3 na 270. Wayar da ke tsakani kuma in shakkar da kake da ita a kan asararta 0.1 dB ce, kashi 2.3 ke nan, raba da 1.73 ya zama 1.3. Kowanne ka ninka shi da kansa, ka haɗa, ka cire rasin kare (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka jimlar), kashi 5.5 zai fito, sai ka ninka biyu don tabbacin kusan kashi 95, ya zama kashi 11 na 270, kusan wat 30. Rubuta 270 ± 30 wat, ka sa irin bushon da ranar awon. 300 na bakin iyaka, ni ba zan kwance emeter a kan wannan ba, sai dai ka sake aunawa bayan wata ɗaya ka ga ko yana sauka.