Gashin karen gidan da nake aiki ya cure, ga zafin Houston: a aske ko a tsefe?

Maman Ilham, Houston
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Asabar. Ina aikin kula da wata dattijuwa, tana da kare irin Goldendoodle (haɗin Golden Retriever da Poodle, mai yawan gashi) ɗan wata 14. Tun shigowar Yuni ba shi da aiki sai haki da susa, ya wuni kwance a kan tayil ɗin banɗaki. In ka kalle shi ta sama gashin lafiya lau, amma in ka cusa yatsa a bayan kunnuwa da hamata da ƙirji inda ɗamarar yawo take zama, duk ya cure ya manne da fata. Kum ɗin ƙarfe ba ya shiga ko kaɗan. Mai askin karnuka ta duba ta ce sai an kwashe duka da kilifa mai baki lamba 7, dala 140, da ƙarin 30 na curewar. Wani shago da na kira a waya suka ce 95. Dattijuwar da ta ji maganar aski sai ta fashe da kuka, wai don gashin nan ta saye shi. 'Yarta tana Chicago, ta ce in yi abin da na ga ya dace. Ni kuwa ban taɓa riƙon kare ba. In bari a aske ne, ko akwai yadda za a tsefe shi a hankali? Kuma askin yana rage musu zafi da gaske?

Baban Faruk, Abuja
Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki kuskura ki aske. Gashin kare shi ne inuwarsa. Ina da German Shepherd guda biyu, duk zafin Maris na Abuja ban taɓa ɗora musu kilifa ba. Ki riƙa yi masa wanka da ruwan sanyi safe da yamma, ki kunna masa fanka, shi ke nan.

Ladi, Jos
In yana susa ki fara duba kaska. Tsakanin yatsun ƙafa da cikin kunne suke ɓuya. Tawa ta kusa mutuwa bara, jininta ya ƙare, dasashinta ya yi fari fat kafin a gane.

Anti Rakiya, Dallas
'Yar'uwa ki saurare ni da kyau, don ni abin ya ci ni. Yarana ne suka matsa muka ɗauko karya irin Labradoodle (haɗin Labrador da Poodle). Bazarar da ta wuce na kai ta wani shago, na ce a rage mata kaɗan, kaɗan fa na ce, har hoto na nuna wa yarinyar. Da na dawo ɗaukarta wallahi ban gane ta ba. An yi mata ƙwal kwabo, har kunnuwa, fata a waje jajir. Ba wanda ya kira ni ya tambaya. Suka karɓi dala 185. Muna isa gida ta fara kaɗa kai ba ƙaƙƙautawa. Kafin tsakar dare bakin kunnenta yana ɗigar jini, bango duk ya ɓaci, washegari kunnen hagu ya kumbura suntum. Asibitin gaggawa suka ce jini ne ya taru a cikin fatar kunnen, sai an tsaga an ɗinke. Abin da na biya ya haura dala 900. Autata ta kwana tana kuka, ta ɗauka mutuwa za ta yi. Na koma shagon, mai wurin ta zaro wata takarda wai na sa hannu a kai da safe, ko haƙuri ba ta ba ni ba. Har yau kunnen nan a lanƙwashe yake. Duk mai askin da ya ce miki "babu yadda za a yi", sauƙin aikinsa yake nema.

Ɗan Zinder
Subhanallahi. Askin kare ɗaya dala 185? Jama'a a taimaka a nema mini biza, kilifata sabuwa ce, kuma ni har gyaran fuska kyauta nake yi.

Hauwa mai aski, Manchester
Anti Rakiya Allah ya kiyaye gaba, kuma rashin kiranki da suka yi laifi ne babba, a shagonmu ba ma taɓa kare da aski sai mai shi ya gani da idonsa ya yarda. Amma maganar kunnen, bari in faɗi yadda take, don wannan sana'ar nake ci. Curarren gashi yana matse fatar kunne ya rage gudun jini. Ana cire shi jinin ya dawo da ƙarfi, karen ya ji kunnen sakayau yana ƙaiƙayi, sai ya hau kaɗa kai, kaɗawar ce ke fasa ƙananan jijiyoyin. Curewar ce tushen ciwon. Abin da ya kamata su yi shi ne su gargaɗe ki, su naɗe mata kunnuwan a jikin kai na ɗan lokaci.

Maman Ilham, ki manta da wanka tukuna. Ruwa yana ƙara ɗaure curarren gashi, in ya bushe ya koma kamar darduma, danshi ya maƙale a ƙarƙashi, fata ta fara ruɓewa ba a gani. Ga Houston da danshin iska. Tunda kin ce kum ɗin ƙarfe ba ya kai wa fata a hamata da ƙirji, mai askin nan gaskiya ta faɗa miki. Kilifa ba ta ratsa curi, ƙarƙashinsa take bi, don haka tsawon da za a bari ya danganta da ɗan sararin da ya rage tsakanin curin da fata. Lamba 7 tana barin kamar milimita 3, lamba 10 rabin haka, lamba 5 kamar milimita 6. Ki roƙe ta ta gwada 5 a baya da gefen jiki, ta bar kai da jela da ɗan tsawo in sun tsefu, dattijuwar za ta ga fuskar karenta yadda ta saba. Tsifar hamata mai curi azaba ce, fatar wurin siririya ce. A nan Ingila saboda dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 yawancinmu ba ma wuce minti 15 zuwa 20 muna tsifar curi, in bai warware ba sai aski.

Wata 14 kuma shi ne daidai lokacin. Gashin ƙuruciya yana zuba, na girma yana fitowa, su sarƙe da juna cikin 'yan kwanaki.

Baban Faruk, Abuja
Mai aski dai ai aski za ta ce. Ni likitan dabbobi ne ya ce mini in aka aske kare gashin ba ya dawowa daidai.

Hauwa mai aski, Manchester
Alhaji, naka daban, nata daban. German Shepherd gashi biyu gare shi, na sama mai kauri da na ƙasa mai laushi da yake zubarwa da kansa, shi kam ba a aske shi, tajewa ake yi. Wannan kuwa rabinsa Poodle ne, gashin ba ya daina tsawo, wanda ya tsinke ma ba ya faɗuwa ƙasa, a ciki yake maƙalewa. Dole a riƙa rage shi duk mako 6 zuwa 8.

Anti Rakiya, Dallas
To ni duk ranar Lahadi ina taje ta da buroshi. Ina curin ya fito? Kullum laifin mai kare ne, ku ba kwa laifi.

Hauwa mai aski, Manchester
Anti, buroshi a sama kawai yake yawo. Sai an buɗe gashin layi-layi har a ga fata, a taje daga tushe, sannan a bi da kum ɗin ƙarfe. Kuma sau ɗaya a mako ba ya isar mai nannaɗaɗɗen gashi.

Bulus, likitan dabbobi, Jos
Bari in sa baki a kan tambayar zafi, don ita aka tsallake. Kare ba ya zufa ta jiki irin tamu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, kuma in iska ta cika danshi hakin ba ya aiki sosai. Gashi mai tsafta da iska ke ratsawa yana kare fata daga rana, amma curarre ba ya kare komai, zafi da danshi yake riƙewa, kaska da ƙuma su samu mafaka. Don haka a wannan karen na goyi bayan Hauwa. Sai dai aski ba maganin zafi ba ne shi kaɗai. Bayan an aske fatarsa za ta iya ƙonewa a rana, a kiyaye shi 'yan makonni. Yawo da asuba ko bayan magariba. Ki ɗora bayan hannunki a kwalta, in ba ki iya daƙiƙa 7 ba, ƙafarsa ma ba za ta iya ba. Zafin jikin kare lafiyayye 38 ne zuwa 39 da 'yan kai a ma'aunin Selshiyas, in ya kai 41 rai ake magana. In kin ga yana tangaɗi, miyau na dalala, ko amai, ki zuba masa ruwa mai sanyi, ki sa fanka, ki nufi asibiti.

Anti Rakiya, Dallas
Likita da girmanka, a Jos kake, garin sanyi. Dudul, wato irin karnukan nan haɗin Poodle, nawa ka taɓa riƙewa da hannunka?

Bulus, likitan dabbobi, Jos
Ba su da yawa a nan, Hajiya. Amma kunne mai tarin jini iri ɗaya ne a kowane kare, kuma na ɗinke su.

Ummi, Katy
Farashin nan ya yi yawa. Ni 75 nake biya, wata mata ce a gidanta, ba nisa da ke.

Yaya Talatu, Houston
75 na ƙaramin dudul ne Ummi. Na gidan da na yi aiki a da, mai zuwa da mota har ƙofar gida 200 take karɓa, ban da tukwici. Kuma wanda ya ce 95 a waya bai ga karen ba, kina kai shi kuɗin zai tashi. Ki kuma duba ƙafafunsa, ciyawar Texas cike take da ƙarangiya irin tamu ta gida, tana shigewa gashi ta zama tushen curi.

Ɗan Zinder
Ashe ƙarangiya ta riga ni samun biza.

Malama Asabe, Toronto
Ni masu sayar da su nake jin haushi. Sai su ce wa tsohuwa kare ne da ba ya zubar da gashi, ba ya tayar da atishawa, ba shi da wahala. Na uku ƙarya ce tsagwaronta, na biyu ma ba tabbas, don abin da ke tayar wa mutane yana cikin miyau da ɓawon fata. Wally Conron da ya haɗa Labrador da Poodle a Ostareliya a 1989, don wata makauniya a Hawaii wadda mijinta ba ya jure gashin kare ya yi, kuma daga baya ya fito fili ya ce yana nadama saboda yadda 'yan kasuwa suka mayar da abin. Yanzu ga mace mai shekaru da ba ta iya sunkuyawa an bar ta da kare mai son tsifa kusan kullum.

Yaya Talatu, Houston
Ai nan nake son zuwa. Maman Ilham, ƙanwata, wa aka ɗauke ki ki kula da shi, tsohuwa ko kare? Ki buɗe takardar aikinki ki duba. In aka aske tsohuwa ta ƙi cin abinci, ke ce. In kunne ya kumbura, ke ce. 'Yar tana can Chicago ta ce "yi abin da ya dace" da baki, gobe ta ce ba haka take nufi ba. Ki tura mata hotunan curin, ta rubuto miki a saƙo cewa ta yarda a aske, ita kuma ta lallashi uwarta da kanta.

Maman Ilham, Houston
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Talatu na duba, babu kare a takardar, wanka da magani da abinci da 'yar shara ne kawai. Na tura hotunan tun ɗazu, ta gani ba ta amsa ba. Hauwa, in aka aske wa zai riƙa tsifar nan layi-layi? Don awannina ba su ƙaru ba.

Yaya Talatu, Houston
Ke mana, in kika yi shiru. Haka aka yi mini. Daga "ɗan fitar da shi ya yi fitsari" aka koma yawo sau biyu, aka koma kwashe kashi a bayan gida, aka koma kai shi allura a motata da man da na saya. Da na yi magana kamfanin da ya tura ni suka ce tsakanina da iyalin ne, iyalin suka ce ai kamfani suke biya.

Ummi, Katy
Namu kamfanin sun hana mu taɓa dabba gaba ɗaya, wai in ta cije ka inshora ba ta biya. Amma in ka ƙi, iyalin su kira su ce a canza musu mai aiki, ka rasa awanninka na mako guda kafin a samo maka wani gidan.

Malama Asabe, Toronto
A nan masu yawo da karnuka kuɗinsu daban ake biya, kowane fita da farashinsa. Ku tambayi nawa ne a unguwarku ku kai wa iyalin lissafin a rubuce.

Yaya Talatu, Houston
Na kai, Malama. Ɗan gidan ya karanta ya ce zai yi magana da ƙanwarsa. Ummi, wane mataki kuka ɗauka da aka cire Maman Sadiq, mai aiki irin namu, daga gidan da take aiki bara? An biya ta kwanakin da ta zauna ko kuwa?